Na'urar Gano Ƙarfe Da Ta Wuni A Mota: Shirunta Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Wayarka tana da baki. Ka bar ta a kan dashbod cikin watan Afrilu, ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka yi rabin awa, kana dawowa za ka tarar ta rage hasken fuskarta, ta ƙi karɓar caji, wataƙila ma ta rubuto maka cewa sai ta huce kafin ka taɓa ta. Kamfanin Apple ya faɗa ƙarara cewa an ƙera iPhone ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya gargaɗi masu ita kada su bar ta a motar da aka ajiye a rana. Galibin matasa sun san wannan, shi ya sa da wuya ka ga wanda zai fita daga mota ya bar wayarsa a gaban gilashi.

Amma akwai wata na'ura da ake yi wa wannan riƙon sakainar kashi a kullum, ita kuma ba ta da bakin kai ƙara. Ita ce na'urar gano ƙarfe ta hannu, wannan baƙar sandar da ake shafa maka a jiki a ƙofar masallacin Juma'a, da coci, da banki, da ɗakin taron biki, da cibiyar rubuta jarrabawar JAMB. Wasu na kiranta sikana. Da an gama aiki da ita sai a cilla ta but ɗin mota, ko a ɗora ta a bayan kujerar baya ƙarƙashin gilashi, nan za ta zauna har wata Juma'ar ko wani bikin. Ra'ayina a kan wannan gajere ne: duk sikanar da ta wuni a motar da ke rana, bai kamata a tsaya da ita a ƙofar jama'a ba sai an gwada ta, kuma tun farko mota ba ma'ajiyarta ba ce.

Yadda ta zama 'yar gida a Kaduna

Waɗanda suka yi wayo bayan shekarar 2015 za su ɗauka haka aka saba tun fil azal. Ba haka ba ne. Binciken jiki a ƙofar wuraren ibada ya kankama ne a shekarun da garin nan ya sha fama da tashin bama-bamai. A ranar Ista, 8 ga Afrilun 2012, wata mota ta tashi da mutane da dama a cikin gari. A ranar 28 ga Oktoban wannan shekarar aka kai hari cocin St. Rita da ke yankin Malali. A ranar 23 ga Yulin 2014 kuwa bam biyu suka tashi rana ɗaya: na farko bayan rufe tafsirin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi a Dandalin Murtala, na biyu a Kawo, inda aka auna ayarin Janar Muhammadu Buhari.

A wannan tsakanin ne kwamitocin masallatai da na coci-coci, da masu otal da makarantu, suka shiga sayen sikana. 'Yan agaji da 'yan sa-kai suka koyi riƙe ta. Daga Unguwar Sarki zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Tudun Wada, ta zama cikin kayan aikin ƙofa. Yau an samu sauƙi sosai a cikin gari, alhamdu lillahi, amma na'urar ta zauna, har ta samu ƙarin ayyuka: kamo wayar da ɗalibi ya ɓoye a safa, da hana shiga filin biki ko gidan kallon ƙwallo da wuƙa.

Ya kamata a faɗi iyakarta tun yanzu. Ƙarfe kawai take ji. Ba ta shinshino sinadarin bam, kuma ba za ta tare motar da aka tuƙo da gudu ba. Abin da take iyawa shi ne ta tona wuƙa, ko bindiga, ko waya, ko tarkacen ƙarfen da aka ɗaura a jiki. Wannan ɗan aikin kuwa yana da daraja matuƙar tana yin sa da gaske.

Abin da ke faruwa bayan ka kulle mota

Hasken rana na ratsa gilashi cikin sauƙi. Dashbod da kujeru, waɗanda galibi baƙaƙe ne, sai su shanye shi su mayar da shi zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita. Masu bincike sun auna wannan. Wani nazari da aka buga a 2005, wanda likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka yi tare da wani masanin yanayi, ya nuna cewa cikin awa ɗaya zafin cikin mota kan ƙaru da kusan digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙaruwar na faruwa ne a mintuna 30 na farko. Sun kuma gano cewa ɗan sassauta gilashi bai kawo wani bambancin a zo a gani ba.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona suka maimaita irin wannan awon a ranakun da zafin waje ya kai kimanin digiri 38. Bayan awa ɗaya a rana, iskar cikin mota ta kai digiri 47, kujeru 51, sitiyari 53, dashbod kuwa 69. Motocin da aka ajiye a inuwa iskar cikinsu ta tsaya a 38, dashbod ɗinsu a 48.

Mai karatu ya kwatanta da Kaduna a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 35 zuwa sama. Motar da aka ajiye a gefen titin Ahmadu Bello ko a Tashar Kawo daga hantsi zuwa la'asar ba awa ɗaya ta yi ba, biyar ko shida ta yi. Kuma ba rana ɗaya ba, kullum ne. Sikanar da ke ciki tana gasuwa da rana, ta huce da dare, ta sake gasuwa washegari.

Abin da zafi ke yi mata

A cikin faffaɗan kan sikana akwai naɗin siririyar wayar tagulla, abin da masu gyara ke kira koyil. Idan an kunna, koyil ɗin na fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa da sauri. Da ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wutar lantarki ta motsa a jikin ƙarfen, ita ma ta haifar da nata maganaɗisun. Fanel ɗin da ke cikin mariƙin shi ke lura da wannan ɗan canjin, ya sa na'urar ta yi ƙara ko ta girgiza. Canjin ƙanƙani ne ƙwarai, don haka komai ya dogara ne a kan daidaiton da aka saita mata tun daga masana'anta. Zafi kuwa ta wurare huɗu yake shigar wa wannan daidaiton.

Na farko batir. Yawancin sikanonin hannu na amfani da batir mai kusurwa huɗu ɗin nan mai bolt 9, irin na makirfo. Manyan kamfanonin batir kan sa iyakar aikin nau'in alkalin a wajen digiri 54 zuwa 55, kuma suna ba da shawarar a adana shi a yanayin ɗaki. Zafi na sa ya zuƙe ko ba a amfani da shi, sannan yana sa ya yi yoyo. Wannan farin garin da kake gani a bakin tsohon batirin rimot sinadari ne mai cin ƙarfe, idan ya taɓa maɓallan batir ko ya gangara kan fanel, sai ya cinye su. Batura masu araha da ake sayarwa a tebur sun fi saurin yin haka. Na'urorin da ke da batirin lithiyam a ciki, irin na waya, su kuma zafi na rage musu rai, yana iya sa su kumbura, kuma ƙa'idarsu ita ce kada a yi musu caji idan zafinsu ya haura digiri 45.

Na biyu ƙananan kayan da ke kan fanel, musamman kafasita mai ruwa a ciki. Injiniyoyi na da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran irin wannan kafasita gida biyu. Kafin ta mutu gaba ɗaya, ƙarfinta kan riƙa sauyawa a hankali, kuma saitin na'urar na sauyawa tare da shi.

Na uku koyil da abin da ya riƙe shi. Tagulla da roba da gam kowanne da yadda yake buɗewa idan ya ji zafi. Buɗewa da tsukewa na kullum kan sassauta gam, ya tsattsage dalmar da aka liƙe wayoyi da ita.

Na huɗu gangar jikin. Robar da ba ta da inganci tana lanƙwashewa, murfin batir ya daina rufuwa da kyau, maɓallai su riƙa maƙalewa. Daga nan ƙurar hunturu da laimar damina sun samu ƙofa.

Matsalar shiru

Wannan shi ne abin da ya bambanta sikana da sauran na'urori. Idan fitila ta lalace duhu zai gaya maka. Idan lasifika ta lalace jama'ar sahun baya za su yi magana. Sikana kuwa idan jinta ya ragu, shiru za ta yi, shiru kuma a bakin ƙofa ma'anarsa ɗaya ce: wuce, ba ka ɗauke da komai. Koriyar fitilar da ke jikinta na nuna cewa wuta na shiga, ba ta nuna nisan da take jin ƙarfe. Na'urar da a da take jin wuƙa daga tazarar taƙi guda, yanzu tana iya zama sai an manna ta a jikin wuƙar, kuma babbar riga ko jaket kaɗai sun isa su raba su.

Wani lokaci lalacewar kan zo ta ɗaya gefen, na'urar ta riƙa kuka ba dalili. Wannan ma ba alheri ba ne. Mai riƙe da ita ya gaji da tsayar da mutanen da ba su ɗauke da komai, layi ya yi tsawo, liman ya kusa hawa mumbari, sai ya daina saurarenta, ko ya kashe ta ya ci gaba da shafawa don ido.

Duniya ta ga abin da dogaro da na'urar da ba ta aiki ke jawowa. Wani ɗan kasuwa a Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe wata na'ura mai suna ADE 651 a matsayin mai gano bam, alhali babu abin da take ganowa. Kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2013. Duk da haka an ci gaba da riƙe ta a shingayen binciken Bagadaza har zuwa Yulin 2016, lokacin da bam ya kashe mutane sama da 300 a unguwar Karrada, sannan Firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin janye ta. Waccan damfara ce, tamu sakaci ne, amma ga wanda ya wuce ta ƙofar sakamakon iri ɗaya ne. Inda babu na'ura, mai gadi zai buɗe ido ya laluba da hannu. Inda akwai wadda ta kurumce, ya miƙa mata amanar ya huta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Uzurori uku da ake bayarwa

Na farko: ai an ƙera ta don ta jure. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kamfanin Garrett da ke jihar Texas, wanda na'urorinsa suka yi suna tun gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya rubuta cewa samfurinsa na Super Scanner V na aiki har zuwa digiri 70. To amma dashbod ɗin da aka auna ya kai 69 cikin awa ɗaya kacal. Batirin da ke ciki kuma iyakarsa ba ta kai ta na'urar ba. Sannan da yawa daga cikin sikanonin da ke hannun jama'a ba na wannan kamfanin ba ne, masu kama da shi ne da ake shigowa da su da araha, kuma babu wanda zai rantse maka a kan irin robar da kayan da aka zuba musu. Na'urar da ta fi araha ita ta fi buƙatar lallaɓawa.

Na biyu: shekara nawa muna barinta a mota, ga ta tana aiki. Tambayar ita ce, da me aka auna? Idan gwajin shi ne a kunna a ji ta yi ƙara a jikin ƙofar ƙarfe, ko wadda ta kusa mutuwa za ta ci wannan jarrabawar. Ƙofa ba ta shiga aljihu.

Na uku: babu wurin ajiya, idan an bari a masallaci ko ofis za a sace. Wannan uzuri ne na gaske, kuma shi ya fi yawa. Amma sikana ba ta wuce nauyin rabin kilo ba, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Tana shiga jakar goyo. Duk wurin da ake kulle amfilifaya da makirfo zai ɗauke ta. Abin da ya sa take ƙarewa a but shi ne ba ta da mai ita: kwamiti ya saya, 'yan agaji na amfani da ita, mai mota na ajiyewa, babu wanda za a tambaya idan ta lalace.

Masu neman zinare ma abin ya shafe su

Akwai wani rukunin matasan da wannan magana ta shafi aljihunsu kai tsaye. Tun da aka samu zinare a Djado da ke arewacin Nijar a 2014, na'urar neman zinare ta zama babbar haja a tsakanin Hausawa, daga Agadas har zuwa wuraren haƙa na Zamfara da Neja da Birnin Gwari. Irin su GPX 5000 da GPZ 7000 da Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya, kuɗin wasunsu miliyoyin naira ne, sau da yawa ma karo-karo aka yi aka saya. Waɗannan sun fi sikanar ƙofa laushi nesa ba kusa ba, wasunsu da allon karatu da batirin lithiyam, kuma littafin da ke zuwa da su ya yi gargaɗi a kan barinsu cikin matsanancin zafi. Wanda ya ɗaure irin wannan a bayan Hilux ƙarƙashin baƙar tamfol, ko ya kulle ta a mota ya shiga kasuwa, jarin mutane da yawa yake gasawa. Kuma ita ma idan jinta ya ragu ba za ta faɗa ba, sai dai mai ita ya taka zinare ya wuce yana cewa wurin babu komai.

Abin da ya kamata a yi

Kada mota ta zama ɗakin ajiya. A kai na'urar da mota, a dawo da ita da mota, amma ta kwana kuma ta wuni a ɗaki, cikin jakarta, nesa da taga.

Idan dole ta zauna a mota na ɗan lokaci, a nemi inuwa, ko da sai an ƙara 'yar tafiya a ƙasa. Bambancin dashbod na rana da na inuwa a awon Arizona digiri 21 ne. A sa ta a ƙasa, ƙarƙashin kujera ko bayan kujerar direba, inda rana ba ta dukanta. A naɗe ta da farin ƙyalle, ko a sa ta cikin kular abinci wadda babu komai a ciki, kuma ban da ƙanƙara. Dashbod da bayan kujerar baya su ne mafi muni. But ya fi su dama-dama tunda rana ba ta shigarsa, sai dai shi ma yana ɗaukar zafi idan aka daɗe, ga jak da safaya da za su iya danne ta.

A cire batir duk lokacin da za ta yi kwanaki ba a yi aiki da ita ba. Daga Juma'a zuwa Juma'a kwana shida ne na zaman banza. A riƙe batirin a jaka, kada bakinsa ya haɗu da makulli ko wani ƙarfe, domin kawunansa biyu a gefe ɗaya suke. Idan na'urar na da ramin caji, a tabbata batirin da ke ciki mai cajuwa ne, domin cajin batirin alkalin na iya fasa shi.

Idan an ɗauko ta da zafi, a bar ta ta huce a inuwa na minti 15 zuwa 20 kafin a kunna ko a sa caji. Kada a sa ta a firji ko a bakin na'urar sanyaya ɗaki, domin sanyin gaggawa na tara raɓa a kan fanel.

Sai gwaji, wanda shi ne ginshiƙin duka. Kamfanin Garrett ya ce sikanarsa na jin matsakaiciyar bindigar hannu daga kimanin santimita 23, babbar wuƙa daga 15, reza daga 7. Ba sai taka ta kai haka ba, abin buƙata shi ne ka san nata awon. A zaɓi abu ɗaya, makulli ko reza ko tsohuwar kwandala, a ajiye shi don wannan aikin kaɗai. A sa sabon batir, a ɗora abin a kan benci na katako nesa da ƙusa, a auna da rula tazarar da na'urar ke fara ƙara. A rubuta. Kafin kowane aiki a maimaita, minti ɗaya ya isa. Idan tazarar ta ragu sosai, a canza batir. Duk mai gyaran waya na da mitar da zai auna maka shi, kuma idan ya sauka zuwa wajen bolt 7, ya gama yayi. Idan an canza batir ba ta dawo ba, a ajiye ta a koma binciken hannu har a gyara ko a sayi wata. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gwajin na safiyar Juma'a ne, ba lokacin da jama'a suka taru a ƙofa ba.

A nan ne masu karanta wannan shafi suke da rawar takawa. Dattawan kwamiti sun yi nasu, sun fitar da kuɗi sun saya. Matasan da suka san lafiyar batirin wayarsu kashi nawa ne, suka san caja ta asali da ta jabu, su ya dace su karɓi kula da ita. Mutum ɗaya a kowane masallaci, ko coci, ko makaranta, ya ce wannan aikina ne: ya buɗe shafi a manhajar rubutu ta wayarsa, ya rubuta ranar da aka sa batir da tazarar gwaji, ya saita tunatarwa ta mako-mako, ya tura sakamakon a zauren WhatsApp na kwamiti. Kuɗin da za a kashe bai wuce na batir da rula ba. Idan an shafa maka sikana a ƙofa wannan makon, makullan mota na aljihunka, ka ji ta yi shiru, kada ka wuce kawai. Koma gefe, ka bari layi ya ragu, ka gaya wa mai riƙe da ita cikin ladabi, sannan ka tambaye shi inda take wuni.